Horo da Takardar Shaida ga Masu Rubuta Manhaja: Tsarin Zango-Zango a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba horon da ake bai wa masu rubuta manhaja a kan tsarin aikin zango-zango, wanda duniya ta sani da sunan Agile, da takardun shaidar da ake bayarwa a kansa, sannan ta auna su da halin da ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa na Jihar Katsina suke ciki. Hujjarta ita ce, takardun da suka fi shahara suna gwada sanin ƙa'idojin tsarin ne, alhali ƙwarewar da kasuwa ke biya a cikin tawaga ake samun ta, tawagar da ke miƙa aiki ga mai buƙata a kai a kai. Saboda haka ta ba da shawarar a fara da ƙananan tawagogi masu yi wa mutanen yankin aiki da kayan da ba su dogara da intanet ba, a shaidi ɗalibi da aikin hannunsa, takardar waje kuma ta zo daga baya ga wanda yake da dalilin neman ta.

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 2023 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da 'yan Nijeriya miliyan uku a fannonin fasahar zamani. An fara da mutum 30,000, aka nufi 270,000 a zagaye na biyu, kuma an ce shirin zai taɓa dukkan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar. A nan Katsina ma gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa hukumar KATDICT domin kula da harkar fasahar sadarwa. Ke nan maganar koya wa matasan karkara rubuta manhaja ta wuce matsayin buri, ta shiga kasafin kuɗi. Abin da ya shiga kasafi kuwa dole a auna shi, kuma ma'aunin da ya fi sauƙi ga jami'in da zai rubuta rahoto shi ne adadin takardu: an horar da mutum kaza, kaza sun ci jarrabawa, ga hoton bikin yaye su. Matashin ma yana da nasa dalilin, domin idan ya duba tallace-tallacen guraben aiki na kamfanonin Legas da na ƙetare zai ga ana yawan ambaton Scrum, ɗaya daga cikin nau'o'in tsarin zango-zango, sai ya ɗauka cewa takardar Scrum ce mabuɗin ƙofar. Tambayar da nake so mai karatu ya riƙe ita ce: idan matashi daga Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya gama difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ko digiri a Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, ya tara ɗan abin da ya tara, ko kuma idan wani shiri ya ware kuɗin horar da mutum talatin daga mazaɓar da ta haɗa waɗannan ƙananan hukumomi uku, a ina ya kamata kuɗin farko ya sauka?

2.0 Asalin tsarin da asalin takardar

Tsohuwar hanyar gina manhaja ita ce a zauna a rubuta duk buƙatu tun farko, a zana tsari, a rubuta manhajar, a gwada, sannan a miƙa bayan shekara ɗaya ko biyu. Tun a 1970 Winston Royce ya yi gargaɗin cewa bin wannan jeri sau ɗaya tal yana da haɗari, domin sai a ƙarshe ake gano kurakuran da aka tafka a farko. A 1986 wasu malaman Japan biyu, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, suka wallafa nazari a mujallar kasuwanci ta Jami'ar Harvard a kan yadda kamfanoni irin su Honda da Canon ke ƙera sabbin kaya da ƙananan tawagogi masu tafiya tare. Daga nan Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka ɗauko tunanin da suka gabatar a 1995 da sunan Scrum. A gefe guda Kent Beck yana gwada wasu dabaru a kan manhajar albashin kamfanin Chrysler tun 1996: mutum biyu su zauna a kwamfuta ɗaya, a rubuta gwaji kafin a rubuta abin da za a gwada, a riƙa haɗa aikin kowa wuri ɗaya kullum. A watan Fabrairun 2001 mutum 17 daga waɗannan ɓangarori suka haɗu a Snowbird ta Jihar Utah a Amurka, suka fitar da gajeriyar sanarwa. Abin da ta ƙunsa shi ne fifita mutane da hulɗarsu a kan kayan aiki, fifita manhaja mai aiki a kan tulin takardu, fifita zama da mai buƙata a kan jayayyar kwangila, da fifita karɓar canji a kan riƙe tsarin farko. A aikace, tawagar da ba ta wuce mutum goma ba takan raba aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba, galibi mako biyu. Kowace safiya a yi tsayuwar minti 15. A ƙarshen zango a nuna wa mai buƙata abin da ke aiki, a ji ta bakinsa, a gyara.

Sanarwar Snowbird ba ta ambaci jarrabawa ko takardar shaida ba. Kasuwar takardu ta biyo baya ne. Ƙungiyar Scrum Alliance ta fito da takardar CSM, wadda ake samu bayan kwas na kwana biyu da jarrabawa mai tambaya 50, wanda ya ci 37 ya haye, kuma duk shekara biyu sai an sabunta da kuɗi. A 2009 Schwaber ya bar wannan ƙungiya ya kafa Scrum.org, wadda jarrabawarta ta PSM I ke da tambaya 80 cikin minti 60, sai an ci kashi 85 cikin ɗari, amma ba ta wajabta halartar kwas ba kuma takardarta ba ta ƙarewa. Abin lura shi ne waɗanda suka fi sukar abin da harkar ta koma suna cikin mutum 17 ɗin nan. Martin Fowler ya rubuta a 2009 cewa tawagogi da yawa sun ɗauki tarukan Scrum sun bar dabarun rubuta manhaja mai inganci, sai tafiyarsu ta yi ta raguwa saboda rubutun ya cukurkuɗe. Dave Thomas ya koka a 2014 cewa sunan tsarin ya zama hajar 'yan talla. Ron Jeffries ya kai ga shawartar masu rubuta manhaja a 2018 da su rabu da nau'o'in tsarin da ake ƙaƙaba musu daga sama, su riƙe dabarun aikin. Idan masu abu sun faɗi haka game da abinsu, bai kamata mu da muke nesa mu fi su ɗoki ba.

3.0 Abin da takardar ke aunawa da abin da take ci

Littafin jagoran Scrum na 2020 shafi 13 ne a bugun Ingilishi. Ya fayyace wane ne ke tsara jerin buƙatu, wane ne ke kula da tsari, wane taro ake yi, yaushe, na tsawon wane lokaci. Bai koyar da yadda ake rubuta gwaji ba, ko yadda ake gyara tsohon rubutu ba tare da an ɓata shi ba, ko yadda mutum biyar za su taɓa fayil ɗaya kada aikin wani ya danne na wani. Mawallafansa ma sun ce da gangan suka bar shi a buɗe. To jarrabawar da aka gina a kan wannan littafi, sanin littafin take aunawa. Gaskiya ne akwai takardun da aka yi musamman don masu rubuta manhaja, CSD a Scrum Alliance da PSD a Scrum.org, kuma sun taɓo dabarun gwaji da haɗa aiki. Sai dai PSD ma tambayoyin zaɓi ne, mutum zai iya amsa daidai cewa gwaji ake fara rubutawa alhali bai taɓa rubuta ko guda ba. Ga ɗalibinmu akwai ƙarin wani nauyi da ba a cika faɗa ba. Tambaya 80 cikin minti 60 na nufin daƙiƙa 45 ga kowace tambaya, kuma amsoshin sukan bambanta ne da kalma ɗaya ta Ingilishi. Yaron da ya yi sakandare a Faskari yana iya fin ɗan Legas fahimtar aiki, ya faɗi saboda saurin karatu kawai.

Sai batun kuɗi. Jarrabawar PSM I ta kai dala 200, kwas ɗin CSM kuwa yakan fi haka sosai. Kafin watan Yunin 2023 farashin dala a hukumance yana wajen naira 460. Da aka saki naira, a Fabrairun 2024 ya haura 1,500. A wannan lissafi jarrabawa ɗaya naira 300,000 ce, fiye da albashin wata huɗu ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya. An ma yi lokaci, daga 2022, da bankunan ƙasar nan suka taƙaita ko suka dakatar da biyan kuɗin ƙetare da katin naira, sai mai son jarrabawa ya nemi wanda zai biya masa. Ajin mutum talatin zai cinye naira miliyan 9 a jarrabawa kaɗai, kuɗin da ba kobo ɗaya a cikinsa da zai tsaya a Katsina.

Ko kasuwa za ta rama wannan kuɗi? Labarin Andela ya isa a yi tunani. An kafa kamfanin a Legas a 2014 bisa manufar ɗaukar matasa masu basira, a horar da su, a haɗa su da kamfanonin ƙetare. A Satumbar 2019 ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Nijeriya, Kenya da Uganda, ya ce abokan cinikinsa gogaggu suke nema. Waɗannan matasa sun samu horon da ya fi ƙarfin duk wani kwas na kwana biyu, amma abin da ya yi musu ƙaranci shi ne shekarun aiki. Takarda ba ta cike wannan giɓi, kuma tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara rubuta ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga, giɓin ƙaruwa ya yi.

4.0 Yankin da ake magana a kansa

Duk shirin horo da za a kai wannan mazaɓa dole ya fara da abin da ya faru a 2020 da 2021. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ta hana sayar da man fetur a jarka. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume, kuma waɗannan ba su sake ganin sabis ba sai a Disamba. Wata uku ke nan, wato zango shida na mako bibbiyu. Ba na nan don yanke hukunci a kan ko matakin ya yi amfani ta fuskar tsaro. Abin da ya shafe mu shi ne, duk ɗalibin da karatunsa ya rataya a kan bidiyon intanet da taron Zoom da allon tsara aiki na manhajar Jira, a wannan lokaci karatunsa ya tsaya cak. Wutar lantarki ma haka take. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan dakon wuta, ban da ɗauke-ɗauken yau da kullum da kowa ya saba da shi.

Za a iya cewa wannan hali ya nuna tsarin zango-zango bai dace da yankin ba. Ni akasin haka nake gani. Inda ba a san ko hanya za ta buɗe wata mai zuwa ba, ko kasuwa za ta ci, ko ƙauyen da aka yi wa rajista zai tashi ya koma cikin gari, tsarin shekara biyu da aka rubuta a ofis ba zai kai labari ba. Wanda ke miƙa abu mai aiki duk mako biyu, ko da komai ya tsaya a zango na huɗu, ya bar wa mutane abin amfani na zango uku. Abin da bai dace da yankin ba shi ne kayan da kwasa-kwasan zamani suka ɗora tsarin a kansu, kuma waɗannan kaya ba asali ba ne. Tawagar Beck da katin takarda take rubuta buƙatu. Allon kanban, wanda ya samo asali daga masana'antar Toyota, ana iya zana shi a bango da alli: abin da ke jira, abin da ake yi, abin da aka gama. Manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, an gina ta ne yadda kowace kwamfuta ke riƙe da cikakken tarihin aiki. Ana iya ajiye canji ba tare da intanet ba, a yi musaya ta filashi ko ta ƙaramin netwok na cikin ɗaki, a tura waje ranar da sabis ya dawo. Sanarwar 2001 kanta ta ce magana fuska da fuska ce hanya mafi inganci ta isar da bayani a cikin tawaga. Ɗaki ɗaya mai sola da batir, kwamfutoci biyar da allo, ya fi kusa da ainihin tsarin fiye da mutum talatin warwatse kowa na neman inda sabis ke kamawa. Kuma ƙwarewar rubuta manhajar da ke aiki babu intanet haja ce mai kasuwa: ma'aikatan lafiya a Arewa sun daɗe suna tattara bayanai da manhajar ODK a wayoyinsu su tura daga baya, kuma irin wannan aiki ne ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta shahara da shi tun zamanin yaƙi da shan-inna.

Akwai wani darasi kuma da yankin ke koyarwa wanda babu shi a cikin kowace jarrabawa. A ɗauka tawaga ta karɓi aikin rubuta wa dillalan hatsi na kasuwar Ɗandume, ko na dabbobi a Sheme, manhajar lissafin ciniki. Duk ɗalibin da ya koyi darasinsa zai buɗe gurbin suna, ƙauye, lambar waya, adadin buhu da kuɗin da aka karɓa, domin haka misalan littafi suke. A yankin da kowa ke tsoron infoma, wannan jeri na iya zama takardar da ke nuna wanda za a je wa cikin dare. Wayar da ta faɗi ko aka ƙwace a hanya ta isa. Dillali ba zai faɗi wannan a zaman farko ba, domin ba a faɗar irin wannan magana ga baƙo. Abin da za a gani shi ne ya ƙi shigar da sunaye, ko ya shigar da na bogi, ko ya ajiye wayar ya koma ga littafinsa. Tawagar da ke dawowa duk mako biyu ce kaɗai za ta lura, ta tambaya, ta sauya suna da lamba, ta kulle bayanan, ta sa su riƙa gogewa bayan an kammala biya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta kada a tara abin da ya wuce buƙata, amma a Sabuwa wannan ƙa'ida ta wuce batun tara ko hukunci. Wanda ya taɓa sauya tsarin manhajarsa saboda irin wannan dalili ya san ma'anar zama da mai buƙata fiye da yadda tambayar zaɓi za ta iya aunawa.

5.0 Siffar horon da siffar shaidar

Abin da nake ba da shawara bai da ado. A kafa tawagogi na mutum biyar ko shida, kowace da mai buƙata na gaske: makarantar Islamiyya mai son lissafin kuɗin wata, ƙungiyar manoman masara ko waken suya mai raba taki bashi, mai shagon magani, masu POS da ke son daidaita lissafin yamma. A yi wata shida, zango 12. Ƙa'idojin Scrum a karanta su a makon farko, shafi 13 ba ya buƙatar fiye da haka, a yi bayaninsu da Hausa. Sauran lokacin na aiki ne: zama bibbiyu a kwamfuta, rubuta gwaji, duba rubutun juna, nuna aiki ga mai shi, da zaman bitar abin da ya tafi daidai da wanda ya karkace. Wannan zama na ƙarshe shi ya fi wuya a wurinmu, domin ƙarami ba ya cewa babba ya yi kuskure a gaban mutane, kuma kunya kan hana mutum cewa kwana uku ke nan ya maƙale. Kwas na kwana biyu ba ya warware wannan. Sai an maimaita zaman sau da yawa, jagora ya fara buɗe nasa rubutun a yi masa gyara, kafin bakuna su buɗe.

Shaidar kuwa ta tsaya a kan abu uku. Na farko tarihin Git na tawagar, inda ake ganin wane ne ya rubuta me da kuma ranar da ya rubuta. Na biyu bayanin mai buƙata cewa yana amfani da manhajar. Na uku gwajin gaba-da-gaba: a ba ɗalibi sabuwar buƙata a kan manhajar tawagarsa, a cire intanet, a ba shi awa biyu ko uku, ya yi canjin, gwaje-gwaje su wuce, ya bayyana dalilinsa. Mai jarrabawar ya zo daga waje, daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko wani kamfani mai aiki, kuma sunansa ya fito a takardar. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ijazar da malaman zaure ke bayarwa tana ambaton littafin da aka karanta da malamin da aka karanta a gabansa, kuma darajarta daga sunan malamin take, shi ya sa ba ya ba da ita ga wanda zai kunyata shi. Ta fuskar hukuma ma akwai gurbin da za a rataya wannan tsari: Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, da ke Kaduna tana da tsarin shaidar ƙwarewa na NSQ, wanda ake auna mutum da hujjar aikin da ya yi a wurin aiki, har ma akwai hanyar amincewa da ƙwarewar da aka samu a wajen makaranta.

6.0 Sukar da za a iya yi

Suka mafi ƙarfi ita ce, ma'aikacin ɗaukar aiki a Legas ko Landan bai san Sheme ba, bai san malamin da ya sa hannu ba, amma ya san PSM, kuma sau da yawa na'ura ce ke tace takardun neman aiki da kalmomi kafin idon mutum ya gan su. Wannan gaskiya ce, kuma ɗan karkara ya fi kowa buƙatar alamar da baƙo zai gane, tunda ba shi da wanda zai tsaya masa. Amma a duba guraben da kyau. Inda ake wajabta takardar Scrum galibi gurbin jagoran tsari ne ko manajan aiki, wanda ba a ba sabon shiga. Gurbin mai rubuta manhaja ana cike shi ne da gwajin rubutu da duba ayyukan baya, kuma ma'ajiyar GitHub, inda ake ajiye tarihin Git a intanet, alama ce da baƙo ke ganewa daga ko'ina. Don haka jayayyar tawa a kan jeri ce. Wanda ya yi zango 12 zai ci PSM I da karatun mako biyu, domin ya riga ya rayu da abin da ake tambaya, kuma a lokacin yana iya biya daga aljihunsa ko wanda ya ɗauke shi ya biya. Idan ma shiri yana son sayen takardar waje, ya saya wa kaɗan da suka nuna hazaƙar jagoranci, ya zaɓi wadda ba ta buƙatar sabuntawa.

Suka ta biyu ta tsaro ce: tara matasa da kwamfutoci wuri ɗaya a yankin da aka taɓa kwashe ɗalibai ganganci ne. Ba na raina wannan. Amsar ita ce ƙanƙantar tawaga: mutum shida, jeka-ka-dawo, a tsakiyar gari, babu kwana, babu allon talla. Inda hakan ma bai yiwu ba, Funtuwa da Malumfashi suna kusa, kuma iyalai da yawa daga ƙauyukan mazaɓar sun riga sun koma can. Ƙanƙantar ce kuma za ta sa iyaye su bar 'ya'yansu mata su shiga, musamman idan tawagar mata ce zalla a harabar makarantar da aka sani.

Suka ta uku: shaidar cikin gida za ta faɗa hannun sanayya, ɗan wane ya samu ba tare da ya taɓa kwamfuta ba, kuma yanzu ana iya sa na'ura ta rubuta aikin. Jarrabawar waje aƙalla ba ta san ɗan kowa ba. Na yarda da rabin wannan. Sai dai jarrabawar da ake yi ta intanet daga ɗaki ita ma ana iya zauna wa wani ita. Gwajin gaba-da-gaba babu intanet ya fi wuyar maguɗi, kuma tarihin Git a buɗe yake, duk mai shakka zai iya dubawa bayan shekara biyar. Mai jarrabawar da ya sa sunansa a kan wanda bai iya ba, kamfani na farko da ya gwada yaron zai gane, sa hannunsa ya zube.

Raunin da ya fi damuna ba a cika kawo shi ba, wato ƙarancin jagorori. Duk abin da na zayyana ya dogara ga samun mutumin da ya taɓa aiki a tawaga ta gaske, wanda zai duba rubutun ɗalibai layi-layi ya ce nan ya yi, nan bai yi ba. Irin waɗannan ba su da yawa a jihar, waɗanda ke akwai kuma suna Kano, Kaduna, Abuja, ko suna yi wa kamfanonin ƙetare aiki daga ɗakunansu ana biyan su da dala. Ba za su zo don alawus ɗin kwana biyu ba, kuma mutum ɗaya ba zai iya riƙe fiye da tawaga biyu ko uku da kyau ba. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne duba rubutu ba ya buƙatar a haɗu kullum: tawaga na iya tura aikinta sau biyu a mako duk lokacin da sabis ya samu, jagora ya duba daga inda yake, ya zo da kansa ranar nuna aiki a ƙarshen kowane zango. Ajin mutum talatin tawaga biyar ne ko shida, wato jagora biyu ko uku na tsawon wata shida. Naira miliyan 9 da za a aika ƙetare kuɗin jarrabawa, idan aka raba wa jagora uku, kowanne zai samu naira 500,000 a wata, kuma a kan wannan adadi ana iya fara magana da gogaggen ɗan Katsina da ke zaune a Kaduna.